Monako: garin da ya zama filin tsere

A 1929 Antony Noghès ya shata hanyar tseren motoci cikin titunan Monako, ƴar ƙaramar ƙasa a gefen Faransa. Bai gina sabon fili ba, ya bi garin yadda ya same shi: hawa, gangara, hanyar cikin rami, bakin teku. Yau tsawonta kilomita 3 da mita 337, kwana 19, a wata kwanar ma motar kamar rarrafe take.

Abin da ya fi jan hankalina, hatsari ne ya yi ta gyara wannan taswira. A 1955 Alberto Ascari ya afka teku da motarsa, ya tsira. A 1967 Lorenzo Bandini ya daki shingen ciyawa, wuta ta tashi, ya rasu bayan kwana 3. Daga nan aka watsar da ciyawa, aka koma shingen ƙarfe. Yanzu sati 6 ake kwashewa ana shirya titi.

Mu fa? Ranar biki a Magaria ko Dungass, samarinmu na sukuwa da babura tsakiyar jama'a, ba shinge, ba wanda ya rufe hanya. Ni dai ina ganin mun ari gudun, mun bar shirin.