Dashen zuciya: Yadda gwajin jini ke nuna ko jiki ya fara ƙin baƙuwar zuciya

Tun ranar 3 ga Disamba, 1967, da Dakta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, likitoci suke fama da matsala guda: garkuwar jikin wanda aka yi wa dashe tana ɗaukar sabuwar zuciyar a matsayin baƙuwa, ta kai mata hari. Magunguna irin su tacrolimus suna kwantar da garkuwar, sai dai idan sun yi yawa cututtuka su samu ƙofa, idan kuma sun yi kaɗan zuciyar ta lalace. Abin tsoron shi ne harin kan fara a ɓoye, kafin majinyaci ya ji haki ko ya ga kumburin ƙafa.

Hanyar da aka daɗe ana bi ta samo asali ne a jami'ar Stanford ta Amurka a farkon shekarun 1970. Ana zura siririn bututu ta jijiyar wuya har cikin ɓangaren dama na zuciya, a tsinko 'yan gutsattsarin tsoka, a duba su da madubin likita. Akan maimaita wannan sau da yawa a shekarar farko. Aikin yana da tsada da wahala, yana iya raunata zuciya, kuma masana biyu kan duba gutsure ɗaya su saɓa a hukunci.

Wannan ne ya sa aka koma neman alamu a cikin jini. Gwajin AlloMap, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2008, yana auna aikin ƙwayoyin gado 20 a cikin fararen ƙwayoyin jini, ya ba da maki daga 0 zuwa 40. Binciken IMAGE na 2010, a kan majinyata 602, ya nuna cewa waɗanda aka bibiya da shi ba su fi sauran shiga haɗari ba, alhali an rage tsinkar musu zuciya ƙwarai. Amma an yi shi ne a kan masu ƙarancin haɗari, waɗanda suka haura wata shida da dashe.

Gwaji na biyu ya fi ban sha'awa. Duk ƙwayar halittar da ta mutu takan zubar da ɓurɓushin DNA a jini, kuma na dasasshiyar zuciya ya bambanta da na mai jikin, tunda daga wani mutum ta fito. Idan zuciyar tana lafiya, kasonta a jini kan tsaya ƙasa da kimanin 0.2 cikin ɗari. Idan ya haura, akwai abin da ke cin ta. Ana amfani da irin wannan gwaji ga masu dashen ƙoda ma.

Ƙarfin gwaje-gwajen biyu yana wajen kore zargi ne. Sakamako mai kyau yana ba likita natsuwar barin majinyaci ba tare da an taɓa zuciyarsa ba. Wanda ya haura kuwa ba hukunci ba ne, domin wata cuta ko wani rauni daban na iya ɗaga shi, don haka sai an koma ga tsinko tsokar da hoton zuciya kafin a ƙara magani.