Daga Brick Game zuwa Miyoo: Tarihin Gem na Aljihu

A shekarar 1980 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Game & Watch, ƙirar injiniya Gunpei Yokoi: 'yar na'ura mai wasa ɗaya tak da agogo a jikinta. A 1989 Yokoi da tawagarsa suka biyo da Game Boy, wadda ake sauya wa kaset. Wasan da ya ɗaukaka ta shi ne Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a 1984.

Sai dai Game Boy ta 'ya'yan masu hali ce. Abin da ya iso garuruwan ƙasar Katsina irin su Kankiya da Kusada a shekarun 1990, ta hannun masu sarin kaya a Kano, shi ne Brick Game ɗan ƙasar Sin, wanda aka kwaikwayo daga Tetris. Roba ce doguwa mai ƙaramin allo baƙi da fari, tana cin batir biyu. A jikinta an rubuta wasanni 9999, alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sauyin gudu. In batir ya yi sanyi, yara su shanya shi a rana ko su ɗan gatse shi da haƙori, su mayar, a ci gaba da jera bulo. Daga baya gidajen gem suka buɗe da Sega da PlayStation, ana biya kafin a buga. Da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, wasan maciji na Nokia 3310 ya karɓe fage.

A daidai lokacin, masana kwamfuta a ƙasashen waje na rubuta manhajar kwaikwayo, wadda ke sa sabuwar na'ura ta yi aiki tamkar tsohuwa, har tsohon wasa ya hau kanta. Nicola Salmoria ɗan Italiya ya saki irin wannan manhaja mai suna MAME a 1997. Kamfanin Sony ya maka kamfanin Connectix a kotu saboda kwaikwayon PlayStation, amma a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya. Hukuncin ya halatta manhajar ne kawai. Kwafar wasannin kansu ba da izini ba har gobe saɓa doka ce.

Daga nan aka fara ƙera na'urorin hannu da ke ɗaukar irin wannan manhaja: GP32 ta Koriya ta Kudu a 2001, Dingoo A320 ta Sin a 2009, RG350 ta Anbernic a 2019, sai Miyoo Mini a 2021, mai allo inci 2.8, wadda ke ɓacewa a aljihun riga. Memori ɗaya na ɗauke da dubban wasanni. Alƙawarin da Brick Game ya yi na ƙarya, yau ya tabbata.

Duk da haka, a ƙasar Katsina waya ce ta cinye kasuwar. Tun da Henrik Rydgård ya saki manhajar kwaikwayo ta PPSSPP a 2012, matashi kan kai wayarsa shagon masu turi, a saka masa manhajar da wasan ƙwallo. Dalilin a fili yake: na'urar aljihu da dala ake shigo da ita, ga kuma caji na biyu a garin da wuta ba ta zama, alhali wayar tana hannu tun farko.