Mozart a Buhu

Tun da aka fara naɗar sauti, tsohon kiɗan Turai irin na su Bach da Mozart da Beethoven bai taɓa samun mazubin da ya ishe shi ba. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, fuskarsa ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti huɗu zuwa biyar. Gajeriyar waƙa takan shige lafiya lau. Amma simfoni, wato dogon kiɗan nan da taron makaɗa ke yi da goge da algaitu da ganguna ƙarƙashin madugu ɗaya, yakan ci rabin awa, wani ma ya zarce awa guda. A 1913 da Arthur Nikisch ya ja makaɗan birnin Berlin suka naɗi simfoni na biyar na Beethoven, sai da aka yanyanka shi fuska takwas. Mutum yana tsakiyar jin daɗi allura za ta kai ƙarshe, ya tashi ya juya faifai, ya wana garmaho, ya dawo ya zauna, kafin ya gyara zama ya sake tashi.

Wanda ke son mallakar duk abin da mai tsara kiɗa guda ya bari, a wancan zamani sai dai ya yi ta buri. A 1931, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe kuma cinikin faifai ya yi ƙasa, wani matashi a kamfanin HMV na Landan, Walter Legge, ya kawo dabara: a nemo mutum 500 su biya kuɗi tukuna, sannan a shiga ɗakin naɗi. Da waƙoƙin Hugo Wolf aka gwada, abin ya karɓu. Ta wannan hanya ce Artur Schnabel ya naɗi sonata 32 da Beethoven ya rubuta wa fiyano, daga 1932 zuwa 1935, kuma shi ne ya fara kammala su duka a faifai. Masu saye suna karɓa kundi-kundi, kowane kundi da nauyinsa, faifan kuma in ya suɓuce ya faɗi ƙasa, sai dai a share.

Daga nan mazubi ya riƙa faɗaɗa. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan da fuskarsa ke ɗaukar sama da minti ashirin. Shi ya ba kamfanin Decca damar naɗar Ring na Wagner, wasan waƙa mai kashi huɗu da ke cin kusan awa goma sha biyar, tare da Georg Solti da makaɗan Biyana, daga 1958 zuwa 1965. Da aka haɗa shi a akwati ɗaya, faifai 19 ne. A 1982 Philips da Sony suka kawo faifan CD mai minti 74. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa an zaɓi wannan tsawon ne don simfoni na tara na Beethoven ya shige a faifai guda. Kees Immink, injiniyan Philips da aka yi aikin da shi, ya ce gasar kasuwa tsakanin kamfanonin biyu ta fi Beethoven tasiri a maganar. Ni dai na fi gaskata injiniyan, ko da yake labarin ya fi daɗin ji.

CD ne ya mai da kammalallen kundi haja ta kowa. Da Mozart ya cika shekara 200 da rasuwa a 1991, Philips ta tattara ayyukansa a faifai 180, cikin akwati 45. Mutumin da shekara 35 kacal ya yi a duniya. Kuɗin kundin ba na talaka ba ne, amma farashi bai daɗe a sama ba. Klaus Heymann, Bajamushe mazaunin Hong Kong, ya riga ya kafa Naxos a 1987, yana ɗauko makaɗan ƙasashe irin su Slovakia da Hungary, ya biya su ladan aiki sau ɗaya ba tare da kason ciniki ba, ya sayar da faifan da rahusar da manyan kamfanoni suka riƙa yi wa kallon raini. Sai kuma Brilliant Classics na ƙasar Holan, wanda ya fara zuba faifansa a Kruidvat, jerin kantunan sayar da magani da sabulu. Wajen 2005 ya fitar da Mozart ɗinsa, faifai 170, a Faransa ana sayarwa yuro 99. Ƙasa da yuro ɗaya ke nan kowane faifai. A nan, a ganina, cinikin ya tashi daga awon mudu ya koma na buhu, tun kafin intanet ta sa hannu sosai.

Da kantin iTunes na Apple ya buɗe ranar 28 ga Afrilu, 2003, tsarinsa na waƙar minti uku ne: mawaƙi, sunan waƙa, sunan faifai, santi 99 na dala. Wanda ya zana wannan tsari bai yi tunanin Beethoven ba. A kiɗan nan, wa za a rubuta a gurbin mawaƙi? Wanda ya tsara kiɗan shekara ɗari biyu da suka wuce, ko madugun, ko tawagar makaɗan, ko mai fiyanon da ke gaba? Kuma simfoni ɗaya galibi babi huɗu ne, kowane babi kantin yana ɗaukarsa waƙa mai zaman kanta. Babin da ya haura minti goma galibi ba a sayar da shi shi kaɗai, sai ka sayi faifan duka. Ga wata matsala da ta fi ci wa masu saurare rai: a simfoni na biyar na Beethoven, babi na uku yana malalawa cikin na huɗu ba tsayawa, kiɗan yana ta kumbura har ya fashe. Na'urorin farko sai su yi ɗif na ɗan lokaci a daidai wannan gaɓa, kafin su ɗauko fayil na gaba. Sai a 2006 Apple ya gyara wannan. Juya faifan da aka yi ban kwana da shi ya sake leƙowa ta wata ƙofa.

Duk da haka masu so suna nan, kuma BBC ce ta fara nuna yawansu. A watan Yunin 2005 tashar Radio 3 ta sa simfoni tara na Beethoven a intanet kyauta na ɗan lokaci, waɗanda Gianandrea Noseda ya naɗa da makaɗan BBC Philharmonic. An sauke su kusan sau miliyan 1.4. Kamfanonin faifai suka yi ca, suna cewa ana koya wa jama'a cewa kiɗan nan ba shi da daraja. Ƙorafinsu ya yi tasiri, domin a 2007 hukumar da ke sa ido kan BBC ta hana ta raba irin wannan kiɗa ta hanyar saukewa. A shekarar ce kuma Amazon ya buɗe kantinsa na MP3 marar makulli, Deutsche Grammophon ma ya buɗe nasa, har ya dawo da tsofaffin faifan da suka daɗe da ɓacewa a kasuwa. Maganar makulli ba ƙarama ba ce. Fayilolin farko a kulle suke, ba sa buɗewa sai a na'urar da kanti ya yarda da ita, kuma a 2008 da Microsoft da Yahoo suka sanar za su rufe na'urorin da ke ba da izinin waƙoƙin tsofaffin kantunansu, mutane suka gane cewa abin da suka biya wa kuɗi bai gama zama nasu ba. Apple ya cire makullinsa a 2009.

Daga nan ne farashi ya zube gaba ɗaya, kuma dalilin a fili yake. Fayil ba shi da akwati, ba kuɗin mota, ba hayar sito. Mozart da Bach ba su da magajin da zai nemi haƙƙi. Naɗin ma, a dokar Turai ta lokacin, yana fita daga hannun kamfani bayan shekara 50. An ƙara wa'adin zuwa 70 daga baya, amma abin da aka fitar kafin 1963 ya riga ya kuɓuce. Ga kuma tarin naɗe-naɗen ƙananan kamfanoni da ke kwance ba mai tambaya, ana ba da hayarsu da arha. Wani kamfani a Stockholm, X5, ya gane cewa mai shiga kantin intanet ba lambar simfoni yake nema ba, suna yake bugawa, sai kuma abin da ya fi yawa a kuɗi kaɗan. Ya riƙa haɗa kiɗa 99 ko 100 a kundi ɗaya, na Mozart daban, na Chopin daban, na kwantar da hankali daban, a kan 'yan daloli. Bai buga faifai ko ɗaya ba, amma a 2010 ya zama na biyu a jerin mujallar Billboard na kamfanonin wannan kiɗa a Amurka, Universal kaɗai ke gabansa. Warner ta saye shi a 2016. Bach Guild kuwa, wanda ya gaji taskar tsohon kamfanin Vanguard, ya riƙa zuba awanni na kiɗan Bach da Haydn da sauransu a kan santi 99, kuɗin waƙa ɗaya, kuma a cikinsu akwai naɗin da masana ke girmamawa har yau.

Na taɓa sayen irin wannan babban kundi a wani kanti, bayan fama da katin banki da saƙon nan mai cewa ba a sayar da wannan haja a ƙasarku. Na bar shi yana sauka da datar dare. Da safe na buɗe, ga fayiloli jere ba iyaka: Allegro, Andante, Allegro, Allegro, Menuetto. Waɗannan kalmomin Italiyanci ne da ke nuna saurin kiɗa ko salonsa kawai, kuma Haydn shi kaɗai yana da simfoni 104 masu lamba, kusan kowanne da Allegro ɗinsa. A gurbin mawaƙi an rubuta "mawaƙa daban-daban". Ba sunan madugu, ba shekarar naɗi, ba ɗan littafin nan da ke zuwa cikin akwatin CD yana bayyana waye wane. Wani babi an tsinko shi daga simfoninsa an ajiye shi tsakanin baƙi. Duk wanda ya taɓa kai memori wurin masu turi a cika masa da waƙoƙin Shata ko Ɗanƙwairo ya san wannan ciwo: waƙar tana nan, amma yaushe aka yi ta, a gidan wa, su wa ke amshi, duk sun zube a hanya. Bambancin kawai shi ne Turawa sun riga sun yi wa nasu rajista. Ludwig von Köchel ya jera ayyukan Mozart da lamba tun 1862, har zuwa 626, Wolfgang Schmieder ya yi wa Bach haka a 1950. Da waɗannan lambobi na zauna ina sauraron kowane fayil ina sake masa suna, aikin da ya fi kuɗin kundin tsada nesa ba kusa ba.

Masu kunnen da ba ya yarda da MP3 sun bi wata hanya. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana matse fayil ba tare da zubar da komai daga sautin ba, kuma ƙananan kamfanoni irin su Chandos da Hyperion da Linn a Birtaniya suka riƙa sayar da shi kai tsaye, haɗe da littafin bayani. Kantin eClassical na Suwidin ya warware rigimar dogon babi da gajere ta hanyar da ta fi kowacce adalci a ganina: yana lissafin kuɗi da daƙiƙa. Sai dai nauyi ya dawo. Faifai ɗaya a FLAC yakan kai megabait 300, faifai 200 kuwa wajen gigabait 60 ke nan, kuma in rumbun kwamfuta ya mutu ba ka da kwafi, ba ko fasasshen faifan da za ka share.

Abin dariya, akwati bai mutu ba. A 2016 Decca da Deutsche Grammophon suka haɗa hannu suka fitar da Mozart 225: faifai 200, kiɗan awa 240, wato kwana goma cur in ba za ka runtsa ba. Billboard ta ruwaito cewa ya sayar da CD miliyan 1.25 cikin mako biyar, jaridu suka ɗauka da kanun cewa Mozart ya doke taurarin zamani a cinikin faifai. Da aka raba da 200, akwati 6,250 ne.

Zuwa lokacin cinikin saukewa da kansa ya fara ja da baya, domin jama'a sun koma biyan kuɗin wata su saurari abin da suke so ba tare da sun mallaka ba. Matsalar suna da lamba ta bi su can. Idagio ya buɗe a Berlin a 2015 don magance ta, Apple ya sayi Primephonic a 2021, sannan a watan Maris na 2023 ya fitar da manhaja ta musamman inda za ka nemi kiɗa da sunan mai tsarawa, ko madugu, ko lambar Köchel, shekara ashirin bayan buɗe iTunes. Hyperion, wanda ya daɗe yana ƙin sa kiɗansa a irin waɗannan manhajoji yana cewa ladan da ake biya ba zai mayar da kuɗin naɗi ba, Universal ta saye shi a 2023, kuma kafin shekarar ta ƙare ya buɗe taskarsa. Kantuna irin su Presto a Ingila da Qobuz a Faransa suna nan suna sayar da fayil ga wanda ya nace sai ya ajiye nasa, kuma suna yawan karya farashin manyan kundaye.