Masu Baiwa da Asusun Ilimi na Musamman: Duba Daga Jos

Tun a 1977, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta sanya yara masu baiwa a babi ɗaya da makafi da kurame, ƙarƙashin ilimi na musamman. Hujjarta mai ƙarfi ce, domin ajin gama-gari bai wadatar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk wanda ya taɓa koyarwa a firamare ya san yarinyar nan da kan gama lissafi tun malam bai ajiye alli ba, sai a miƙa mata takarda ta rubuta sunayen masu surutu. Ita ma an tauye ta, sai dai ba ta kuka, shi ya sa ba a lura.

A Filato tambayar ko ya dace a haɗa masu baiwa da makafi da kurame tana da nauyi. A Gindiri mishan ɗin SUM suka buɗe makarantar makafi ta farko a Nijeriya a 1953, ga makarantar kurame a Bassa, ga kuma sashen ilimi na musamman na Jami'ar Jos da ya daɗe yana yaye malamai. A ganina, ta fuskar ƙa'ida da horar da malamai, haɗin ya yi daidai. Malamin da aka koya wa gane yaron da ya fita daban shi ne zai fi saurin gano makahon da ke da kaifin basira, wanda sau da yawa lalurarsa kan rufe baiwarsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa Hukumar UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, daga ciki kuma kashi 2 cikin 100 kacal ake bai wa masu buƙata ta musamman. A wannan 'yar tukunya za a ɗebo allon rubutun makafi da tsinkensa, da takarda mai kauri, da na'urar ƙara ji. Idan aka ce haziƙai ma su sa hannu, ba sai an faɗi wanda zai ƙoshi ba, tunda iyayensu sun fi samun bakin magana a ofis. Makahon da ya rasa allo kuwa karatunsa ya tsaya cak.

Gwamnati ma a aikace ta raba su. Makarantar haziƙai ta tarayya da ke Suleja, wadda aka tsara zamanin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, tsaye take da ƙafarta, haka ta Jigawa a Bamaina. Dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ba ta shafi masu baiwa ba. A Amurka ma dokar tarayya ta ilimin naƙasassu daban, ta masu baiwa ta 1988 daban.

Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Filato da ta bar masu baiwa cikin ƙa'idojin ilimi na musamman, amma ta buɗe musu layinsu a kasafin kuɗi, kada a taɓa ko kobo daga rabon makafi da kurame.