Ƙwaya ko ƙona zuciya? Tarihin gardamar likitoci kan bugun da ya rikice

1/ Watan jiya aka ce wa kawuna bugun zuciyarsa ya rikice. Likita ya ce hanya biyu ce: ko ya zauna kan ƙwayoyi, ko a zura masa siririn bututu har cikin zuciya a ƙona wani wuri. Gida ya rabu biyu, aka ce ni ɗan boko in je in karanto. Ga abin da na tono. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Zuciya ɗaki huɗu ce. A wannan ciwo, da likitoci ke taƙaitawa da AF, ɗakunan sama biyu sun daina matsa jini, rawa kawai suke kamar mazari. Jini ya kwanta a lungu ya daskare, gudan ya wuce ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Haɗarin ya kai ninki 5. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3/ Maganin farko na daidaita bugun, majinyaci ne ya koya wa likita. A 1912 wani ɗan kasuwa ɗan Holan ya je wajen Dakta Karel Wenckebach. Dakta ya ce ba shi da abin da zai tsayar da rikicin. Mutumin ya ce shi yana da shi, gobe zai dawo a gani. Washegari ya dawo, bugu daidai. Me ya sha? Kwinin. Eh, kwinin dai na zazzaɓin cizon sauro, mai ɗan banzan ɗacin nan.

4/ A 1918 Walter Frey a Jamus ya gwada dangin kwinin, ya ga kwinidin ya fi. Aka shekara kusan 70 ana ba da shi. Daga baya amiyodaron ya fito daga Beljiyam, wajen 1962. Yana aiki sosai, amma in an daɗe ana sha yakan taɓa huhu, hanta da maƙoƙo.

5/ Nan labarin ya juya. A 1989 wani bincike a Amurka mai suna CAST ya gwada magungunan daidaita bugu a kan waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya. Wani rikicin bugu ne daban, ba AF ba. Maganin ya gyara zanen da ke fita a takarda, amma masu shansa sun fi mutuwa. Aka dakatar da shi.

6/ A 1990 aka tattara tsofaffin binciken kwinidin. Masu sha: kashi 2.9 sun mutu. Marasa sha: kashi 0.8. Shekara 70 fa, jama'a, ana duba takarda ana murna, ba a ƙirga gawa ba. Wannan wurin ya fi ko'ina tsaya min a rai.

7/ Sai AFFIRM a 2002, mutum 4,060. Rabi an yi ta fama da ƙwaya a maido musu da bugu daidai, rabi an rage gudun zuciyar kawai an bar ta. Tsawon rai bai bambanta ba. Kuma yawancin waɗanda jikinsu ya shanye, ko sun bar maganin tsinka jini ne, ko bai kai musu ba.

8/ Mu koma baya mu ɗauko masu ƙonawa. 1981, Melvin Scheinman a San Faransisko ya fara yi wa mutum ta bututu. 1987, James Cox ya buɗe ƙirji ya yayyanka ɗakunan saman ya ɗinke, tabon ya tare wa wutar da ta ɓace hanya. Ya yi aiki, amma babbar tiyata ce.

9/ Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Michel Haïssaguerre a Bordo, Faransa, 1998. Majinyata 45 kacal. Ya bi sawun tartsatsin da ke tayar da rikicin, ya tarar kashi 94 daga jijiyoyin da ke dawo da jini daga huhu yake fitowa. Wato ɓarawon a bakin ƙofa yake. A zura bututu ta matsematsi, a ƙona kewayen bakin jijiyoyin, ko a daskarar da shi da sanyi. Da na kwatanta wa Kawu sai ya ce, "To ai sakiya ce ta Turawa." 😅

10/ Karon battar gaske shi ne CABANA, 2019: mutum 2,204 a ƙasashe 10. Mutuwa, shanyewar jiki, zubar jini mai tsanani ko tsayawar zuciya: kashi 8 ga waɗanda aka ƙona, 9.2 ga masu ƙwaya. A lissafi, kunnen doki. Amma fiye da kwata na masu ƙwayar sun tsallaka an ƙona musu, shi ya sa har yau ake musu a kai.

11/ Abin da ba musu: dawowar ciwon ya ragu kusan rabi ga waɗanda aka ƙona, kuma sun fi jin daɗin jikinsu. Ga masu raunin zuciya kuwa, CASTLE-AF na 2018 ya nuna mutuwa kashi 13 da ƙonawa, 25 da ƙwaya. Mutum 363 ne kawai, amma tazarar ba wasa.

12/ Ra'ayina, kuma ni ba likita ba ne: a fagen daidaita bugu ƙonawa ta kayar da ƙwaya. A fagen tsawon rai, sai ga wasu rukuni ta nuna. Kuma tana da nata haɗarin, jini kan taru kewayen zuciya, wasu ma sai an maimaita musu.

13/ Wani abu da ya shafe mu: yawancin waɗannan bincike kan dattawan Turai da Amurka aka yi. A Afirka matasa da yawa na samun AF ne saboda ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a magance ba ya lalata ƙofar zuciya. Su nasu lissafin daban, kuma binciken INVICTUS na 2022 ya nuna tsohon wafarin ya fi musu sabon maganin tsinka jini da aka gwada.

14/ Kawu yana da hawan jini da ciwon suga, don haka likita ya ce ko an ƙona, maganin tsinka jini ba fashi. Shi kuwa dalilinsa na son ƙonawar tun farko don ya huta da haɗiyar ƙwaya ne. Litinin za mu koma a ɗauki hoton zuciyar a ga lafiyar ƙofofin, sannan a zauna maganar kuɗi.