Rikicin Bakolori na 1980: 'Yan Sanda da Haƙƙin Mallakar Gona

Wannan maƙala za ta waiwayi abin da ya auku a Bakolori, kusa da Talata Mafara, a tsohuwar Jihar Sakkwato (yanzu cikin Jihar Zamfara), domin a ga ko dukiyar wa aka tura 'yan sanda su tsare.

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Ruwan ya cinye ƙauyuka, ya tashi dubban mutane. Wasu manoman kuwa an karɓe gonakinsu don a baje ƙasa a yanka hanyoyin ban-ruwa, damina ta wuce su ba shuka, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa.

A wannan shekara ce gwamnatin soja ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana. A Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin Turawan mulkin mallaka sun yi irinta tun 1910. Amma a nan gizo ke saƙar. A wurin manomi, gonar gado tasa ce, ya ci daga ubansa, zai bar wa ɗansa. A idon doka kuwa, amfanin ƙasar kawai yake da shi, don haka abin da ya shuka ko ya gina a kai ake biya. Kalmar "mallaka" ɗaya ce, ma'anarta biyu.

Da haƙuri ya ƙare, manoma suka datse hanyoyin shiga wurin aikin, suka tsayar da motocin kamfani. Nan take hukuma ta ga an taɓa dukiya, alhali ba ta ga haka ba ranar da katafila ta shiga gonaki. A watan Afrilu 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa ƙauyukan, suka buɗe wuta, aka ƙone gidaje. Adadin matattun da gwamnati ta bayar bai kai 30 ba. Mutanen yankin da masu bincike kuwa ɗaruruwa suka ambata.