A Long Way Gone: Littafin yaron soja na Saliyo da taƙaddamar shekara biyu

A Long Way Gone littafi ne na tarihin rayuwa da Ishmael Beah, ɗan ƙasar Saliyo, ya wallafa a Amurka a shekarar 2007. A cikinsa ya ba da labarin yadda yaƙin basasar ƙasarsa ya raba shi da iyayensa, ya yi ta gudun tsira a daji, sojojin gwamnati suka ɗora masa bindiga yana yaro, daga bisani ya kuɓuta. Littafin ya samu karɓuwa matuƙa, har asusun UNICEF ya naɗa marubucin mai fafutukar kare yaran da yaƙi ya shafa. Shekara guda bayan fitowarsa aka fara tababar sahihancin wasu sassansa.

Abin da littafin ya ce

An haifi Beah a 1980, ya tashi a Mogbwemo, yankin ma'adinai a kudancin Saliyo. Yaƙin ya ɓarke a Maris na 1991, lokacin da 'yan tawayen RUF na Foday Sankoh suka kutso daga Laberiya, bai kuma ƙare ba sai 2002. Beah ya ce a Janairun 1993, yana ɗan shekara 12, 'yan tawaye suka afka wa garinsu sa'ilin da ya tafi garin Mattru Jong da yayansa da abokinsu. Ya yi watanni yana gararamba, aka sa shi aikin soja yana ɗan 13, ya yi sama da shekara biyu a fagen daga, ana ɗura musu wiwi da hodar iblis gauraye da albarushi. A Janairun 1996 aka miƙa shi ga UNICEF, aka kai shi gidan gyaran hali a Freetown. Bayan juyin mulkin Mayun 1997, wanda dakarun ECOMOG bisa jagorancin Najeriya suka kawo ƙarshensa a Fabrairun 1998, ya tsere zuwa Gini, daga nan ya wuce Amurka.

Mafarin tababa

Lamarin ya faro ne da kyakkyawar niyya. Wani injiniya ɗan Ostireliya mai aiki a kamfanin ma'adinai na Sierra Rutile ya zaci ya gano mahaifin Beah a raye cikin ma'aikata. Zaton bai tabbata ba, mutumin ɗan uwa ne kawai. Sai dai a wajen binciken mazauna yankin suka riƙa cewa harin da littafin ya siffanta a Janairun 1995 aka kai shi, kuma sananne ne cewa a watan ne 'yan tawaye suka mamaye wuraren haƙar ma'adinan. A Janairun 2008 jaridar The Australian ta fara buga jerin rahotanni a kan haka. Ta ce ta samu takardun makarantar sakandare ta Centennial da ke Mattru Jong masu nuna Beah yana aji a 1993, lokacin da littafin ya ce yana daji. Ta kuma ce UNICEF ba ta samu wani bayani a rubuce ba game da faɗan da littafin ya ce an yi tsakanin yaran a wata cibiya a Freetown, har mutum shida suka mutu.

Shekara biyu ba ƙaramin giɓi ba ne a nan. Ranar fitarsa daga soja tsayayya ce. Idan a 1995 aka kai harin, aka kuma cire watannin gudun hijira, zamansa a soja bai wuce wata biyu ko uku ba, yana ɗan shekara 15. Wannan zai rage tsawon zangon da ya fi jan hankalin masu karatu.

Martanin marubucin

Beah ya tsaya a kan bakansa, mawallafansa, Farrar, Straus and Giroux, suka mara masa baya. Ya ce abin da ya tuna ya rubuta, kuma kwanakin daidai suke. Cikin littafin ma ya yi tinƙaho da kaifin haddarsa, yana danganta ta ga kakansa, malami masanin Larabci, wanda kan rubuta addu'a a allo ya wanke a sha, wato rubutun sha da Bahaushe ya sani. Masu suka suka ce yaron da ya kwana ya tashi cikin ƙwaya da firgici, ba kalanda ba agogo, da wuya ya riƙe kwanan wata. Wannan hujja tana da kaifi biyu: tana raunana lissafinsa, tana kuma wanke shi daga zargin ƙarya da gangan.

Ya kamata a bambanta wannan da wasu littattafan. Misha Defonseca, wadda ta ce ta tsere wa 'yan Nazi ta rayu cikin kyarketai, ta amsa da bakinta a 2008 cewa ƙirƙira ta yi. Slavomir Rawicz, mai littafin The Long Walk na 1956, ya ce ya taka a ƙafa daga kurkukun Saiberiya har Indiya, amma a 2006 BBC ta bankaɗo takardun da ke nuna afuwa aka yi masa a 1942. Shi kuwa Beah, ko jaridar da ta tuhume shi ba ta musanta cewa ya rasa iyayensa ba, ko cewa ya riƙe bindiga yana yaro. Gardamar a kan yaushe ne da kuma tsawon lokaci.

Ba a janye littafin daga kasuwa ba. A 2014 Beah ya fitar da na biyu, Radiance of Tomorrow, wanda a wannan karon ya bayyana shi a matsayin ƙagaggen labari, game da mutanen da suka koma ƙauyensu bayan yaƙi.